Jagoran Matafiyi: Yadda Ake Ziyartar Wurin Ibadar Mabiya Buda a Tailan

Duk wanda ya taɓa sauka a Bankok, ko sarin kaya ne ya kai shi kasuwar Pratunam, ko karatu, ko neman lafiya, ba zai rasa ganin gine-ginen nan masu tsinin rufi da ruwan zinariya ba. Su ne wuraren ibadar mabiya addinin Buda, waɗanda mutanen ƙasar ke kira wat. Fiye da kashi 90 cikin 100 na al'ummar Tailan wannan addini suke bi, kuma wuraren ibadarsu sun haura 40,000. Kaɗan daga ciki, irin su Wat Pho da Wat Arun da Wat Phra Kaew da ke harabar babbar fadar sarki, sun zama dandalin 'yan yawon buɗe ido. Akwai wurin yankar tikiti, akwai masu gadi, akwai alluna da ke gaya wa baƙo abin da zai yi da wanda zai bari. Sauran kuwa, musamman na gefen gari da na cikin kurmi, babu mai tare ka a ƙofa. A irin waɗannan ne baƙo ya fi kwafsawa bai sani ba, domin mutanen Tailan ba su cika tsawata wa baƙo ba. Sai su yi maka murmushi alhali abin yana ci musu rai.

Abin da matafiyi ke bukata shi ne ya iya raba abu biyu. Akwai ladabin wuri, wanda ya hau kan duk wanda ya taka ƙafarsa ciki. Akwai kuma ibadar masu wurin, wadda babu mai neman ta daga baƙo. Wanda ya gane wannan iyaka zai shiga ya fita bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma taɓa addininsa ba.

Wurin da za mu ɗauka misali

A arewacin ƙasar, kimanin kilomita 700 daga Bankok, akwai birnin Chiang Mai, wanda Sarki Mangrai ya kafa a 1296 ya mai da shi hedkwatar daular Lanna. A yammacin birnin, a gindin dutsen Doi Suthep, kusa da Jami'ar Chiang Mai, akwai Wat Umong. Ana danganta kafa shi ga shi wannan sarki, a 1297. Abin da ya fi shahara da shi shi ne wasu hanyoyi na bulo da aka gina a ƙarƙashin wani tudu, masu kama da kogo, waɗanda aka ƙara a ƙarni na 14 zamanin Sarki Kue Na. Daga baya an yi watsi da wurin har daji ya cinye shi, sai a ƙarshen shekarun 1940 aka sake raya shi bisa koyarwar wani shahararren malaminsu, Buddhadasa, wanda ya rasu a 1993.

A yau wuri ne mai dogayen bishiyoyi da inuwa. Akwai tafki mai kifaye da kunkuru, akwai fili da aka tara karyayyun mutum-mutumai da aka kwaso daga tsofaffin wuraren ibada, akwai kuma alluna rataye a jikin bishiyoyi ɗauke da kalaman hikima da harshen Tai da Turanci. Malaman addinin Buda suna zaune a ciki, kuma akwai masu zuwa su yi kwanaki suna koyon natsuwa da tattara hankali. Saboda haka shirun da za ka tarar ba na kufai ba ne. Masu wurin ne suka gina shi da gangan, kuma shi ne aikin da suke yi.

Daga Bankok jirgin sama yana kai mutum Chiang Mai cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, jirgin ƙasa na dare kuma yana cin wajen awa 12 zuwa 13. A cikin gari za ka sami jajayen a-kori-kura masu rufi da benci biyu a baya, ko ka kira mota ta manhajar Grab. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka kuma shirya yadda za ka dawo, domin abin hawa ba ya yawan wucewa ta lungun Wat Umong. Tun daga gida kuma kada ka manta da katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayar masu zuwa daga Najeriya da Nijar.

Zaɓen lokaci

Watanni mafi daɗi su ne Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin sanyi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙone gonaki da daji yana rufe arewacin ƙasar, mai ciwon asma ya kiyaye. Damina tana kamawa daga wajen Yuni zuwa Oktoba. A lokacin daji yana yin shar, amma matakala da daɓe suna santsi.

A cikin yini, safiya ta fi. Malamai suna fita da asuba ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa ta ƙarfe, jama'a suna zuba musu abinci. Suna cin abincinsu na ƙarshe wajen ƙarfe 11, domin dokarsu ta hana su cin abinci bayan rana ta take tsaka. Kada ka nemi ganawa da su a wannan sa'a. Tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe, ko bayan ƙarfe 2 na rana, za ka sami wurin a sake. Da yamma suna taruwa su yi karatu da harshen Pali, tsohon harshen littattafansu. Ana barin baƙo ya saurara daga baya, muddin zai zauna shiru.

Mai neman kaɗaici ya duba kalanda. Sau huɗu a kowane watan sama akwai ranar da suke kira wan phra, wadda jama'a ke cika wurin da kayan sadaka. Akwai kuma manyan bukukuwa uku da ke faɗawa daren da wata ya cika: Makha Bucha wajen Fabrairu ko Maris, Wisakha Bucha wajen Mayu, da Asanha Bucha wajen Yuli. Daga na ƙarshen ne malamai ke shiga zaman damina na wata uku, ba sa kwana a wani wuri. In ka ga shekara a allo ta zarce wadda ka sani, kada ka ruɗe. Lissafinsu yana gaba da na Miladiyya da shekara 543, wato 2026 ita ce 2569 a wurinsu.

Sutura da guzuri

A nan Bahaushe ba shi da matsala. Abin da ake nema shi ne a rufe kafaɗa da gwiwa, kada kuma tufa ta zama shara-shara. Kaftani da wando, jallabiya, atamfa da mayafi, abaya, duk sun wadatar. Gajeren wando da singileti ne ba a so. Namiji zai cire hula da tabarau na rana idan zai shiga ɗakin ibada. Mace kuwa babu mai ce mata ta cire ɗankwali ko hijabi.

Ka sa takalmin da ba ya wahalar cirewa, domin za ka cire shi sau da yawa. Safa tana da amfani, saboda daɓe yana ɗaukar zafi da rana. Ka riƙe ruwan sha, da man shafawa na korar sauro, domin akwai zazzaɓin dengue a ƙasar kuma sauronsa da rana yake cizo. Ka tanadi ƙananan takardun kuɗin ƙasar, 'yan baht 20, saboda ba ko'ina ake samun canji ba. Sigari da giya ba su da wuri a ciki.

Sanin gine-gine

Wat ba ɗaki ɗaya ba ne, unguwa ce guda, kuma kowane gini da matsayinsa. Wihan shi ne babban zauren da jama'a ke taruwa, a nan ne babban mutum-mutumin Buda yake, kuma nan ne baƙo ya fi shiga. Ubosot shi ne ɗakin da ake naɗa sababbin malamai, kuma ya fi kowane gini alfarma. Za ka gane shi da duwatsu 8 da aka kafa kewaye da shi a matsayin iyaka. Sau da yawa a rufe yake. A arewacin ƙasar akwai wuraren da aka hana mata shiga, kamar ubosot na azurfa a Wat Sri Suphan da ɗakin ginshiƙin gari a Wat Chedi Luang, duka a Chiang Mai. Ana rubuta hanin a ƙofa, kuma ba abin jayayya ba ne.

Chedi ita ce doguwar hasumiya mai siffar ƙararrawa, wadda ake binne kayan tarihi ko tokar manyan malamai a cikinta. Ba a hawanta, ba a jingina da ita. Kuti su ne ƙananan ɗakunan kwanan malamai. Nan gidan mutane ne, ba a leƙe. Za ka kuma ga wata babbar bishiya da aka ɗaure da ƙyallaye masu launi. Jinsin bishiyar da suka yi imani a ƙarƙashinta Buda ya sami wayewa ce, a Bodh Gaya ta ƙasar Indiya. Kada ka tsinki ganyenta, kada ka kuma zauna a kan saiwarta.

Daga ƙofa zuwa ciki

Da ka shiga harabar, ka rage murya, ka sa waya a shiru. Inda ka ga an jera takalma, nan za ka cire naka. Ƙofofin ɗakunan ibada suna da dokin ƙofa mai tudu. Tsallake shi ake yi, ba a taka shi.

Babban abin kiyayewa shi ne kai da ƙafa. A al'adarsu kai ne mafi daraja a jiki, ƙafa kuma mafi ƙasƙanci. Saboda haka ba a miƙe ƙafa a nuna tafinta ga mutum-mutumin Buda, ko ga malami, ko ga wani mutum. Ba a nuni da ƙafa, ba a tura abu da ita, ba a tsallake wanda ke zaune. Ba a shafa kan kowa, har ƙaramin yaro. Idan za ka zauna, ka lanƙwashe ƙafafunka biyu gefe guda su kalli baya, ko ka tanƙwashe su yadda tafin ba zai fuskanci gaba ba. Wanda gwiwa ke damu ya nemi kujera a baya ko ya tsaya a bakin ƙofa.

Kada ka tsaya ƙiƙam a kan mutanen da ke zaune suna ibada. In dole ka wuce ta gabansu, ka ɗan rusuna ka wuce da sauri, in kuwa da hanya ta baya, ita ta fi. Akwai dandamali mai ɗan tudu a gefen zaure, na malamai ne kaɗai. Kamar dai yadda ɗalibi ba ya hawa buzun malam a zaure, haka baƙo ba ya zama a nan, kuma ba ya bari kansa ya fi na malami tsawo idan suna zaune tare.

A cikin hanyoyin ƙarƙashin tudu na Wat Umong ma ana cire takalmi. Rufin gajere ne, hanyar ƙunci gare ta, kuma murya tana amsa-kuwwa, don haka ko raɗa tana kai wa nesa. A saman rufin akwai ragowar tsofaffin zane-zane da suka dushe. Kada ka taɓa su, kada ka haska musu fitilar kyamara. A waje kuma za ka iya cin karo da mutane sanye da fararen kaya suna tafiya a hankali ƙwarai, ido a ƙasa. Ba rashin lafiya ba ce, horon natsuwa suke yi. Gaisuwa a nan katse musu aiki ce. Ka kauce ka ba su hanya.

Ladabi daban, ibada daban

Duk abin da aka lissafa a sama ladabi ne. Ga abubuwan da suke ibada: durƙusawa a kai goshi ƙasa sau uku a gaban mutum-mutumi, ajiye furen bado, kunna kyandir da tsinken turare, manna ganyen zinariya a jikin mutum-mutumi, girgiza gwangwanin tsinkaye don duba sa'a, da kewaya chedi sau uku. Haka nan yayyafa ruwan albarka da malami ke yi, da ɗaura farin zare a wuyan hannu. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗora wa baƙo. Musulmi da Kirista na ƙasar ma ba sa yi, kuma kowa ya saba da hakan.

Idan aka miƙo maka fure ko zare, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka yi murmushi, ka ɗan ja da baya, ka ce "mai pen rai, kop kun krap", wato ba komai, na gode. Mace za ta ƙare da "ka" a maimakon "krap". Idan malami ya fara yayyafa ruwa, ka koma gefe tun da wuri. Idan jama'a suna kewaya chedi, suna bin hannun agogo ne, ginin yana damarsu. Ka tsaya daga waje ka kalla, kada ka ratsa su ko ka tunkare su.

Gaisuwarsu ta haɗa tafin hannu biyu a ƙirji gaisuwa ce tsakanin mutane, a kasuwa da ofis ma ana yin ta. Wanda bai natsu da ita ba, ɗan sunkuyar da kai da sakin fuska sun isa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi ba, ya tambayi malamin addininsa tun kafin tafiya, ko ya tsaya a harabar. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya shiga da ƙafarsa sannan ya kama tsaki, ko dariya, ko wa'azi. Ba a gayyace ka muƙabala ba.

Mu'amala da malamai

Cikakken malami yana ƙarƙashin dokoki 227. Ɗaya daga cikinsu ta shafi taɓa mace. Don haka 'yar'uwa, kada ki miƙa masa hannu, kada ki zauna dab da shi, kada ki gogi mayafinsa a hanya. In za ki ba shi wani abu, ki ajiye a kan ƙyallen da zai shimfiɗa, ko ki ba wani namiji ya miƙa. Wannan ya shafi har cikin mota da jirgi. Namiji ma ba ya musabaha da malami ko dafa kafaɗarsa, kuma da hannu biyu ake miƙa masa abu. In ka gaishe shi bai rama irin gaisuwarka ba, ba girman kai ba ne, haka tsarin yake.

Za ka ga yara sanye da mayafi ruwan lemo, su ne masu koyo. Za ka ga mata masu aski cikin fararen kaya, su ma masu zaman ibada ne, ana girmama su. Da yawa daga samarin ƙasar suna shiga malanta na ɗan lokaci, makonni ko watanni, sannan su koma harkokinsu, don haka wanda ke gabanka yana iya zama injiniya ko direba.

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya tana da wurinta. A Wat Suan Dok da Wat Chedi Luang akwai zama na musamman da ake yi don baƙi su tattauna da matasan malamai da Turanci. Nan ne wurin tambayar me ya sa ake aske gira, me ake karantawa, yaya yininsu yake. Su ma za su tambaye ka ƙasarka da addininka, kuma suna jin daɗin amsa ta gaskiya.

Hoto da doka

Ana ɗaukar hoto a yawancin harabobi, amma a duba allo kafin a ɗauka a cikin ɗaki. Ka nemi izini kafin ka ɗauki malami ko mai ibada. Kada ka hau kan mutum-mutumi, ko ka rungume shi, ko ka kwaikwayi zamansa don raha, ko da karyayye ne a jefe a ƙasa. Masu bidiyon TikTok su bar rawa da waƙa sai sun fita.

Wannan ba shawara ce kawai ba. Sashe na 206 na dokar laifuffukan ƙasar ya tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 7 ga wanda ya wulaƙanta wuri ko abin ibadar kowane addini. A 2017 an kama wasu Amurkawa biyu an ci su tara saboda hoton rashin ɗa'a da suka ɗauka a Wat Arun. Za ka kuma ga hotunan sarki a wuraren ibada. Sashe na 112 ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, don haka ka kame bakinka a kan gidan sarauta, ko da wasa. Ɗan kasuwa kuma ya sani cewa fitar da tsofaffin kayan tarihi da manyan mutum-mutuman Buda daga ƙasar sai da takardar izinin hukuma.

Kuɗi, karnuka da 'yan damfara

Ƙananan wurare da yawa ba sa karɓar kuɗin shiga, wasu kuma suna karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai akwatunan gudummawa, wasu an rubuta na wutar lantarki da ruwa ko gyaran gini. Sakawa ganin dama ne. Kada ka sayi tsuntsun keji don a ce ka sake shi ka sami lada, domin cinikin ne ke sa a ci gaba da kamo su.

A Bankok, musamman kusa da babbar fada, wani zai tare ka da fara'a ya ce yau an rufe wurin, ya kawo maka mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, da zai kai ka wani a farashi mai arha. Ƙarshen tafiyar shagon duwatsun ado ne ko na tela. Ka ƙarasa ƙofa ka gani da idonka. Lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido ita ce 1155.

Wuraren ibada matattarar karnukan da aka yasar ne, domin a nan ake ba su abinci. Da rana barci suke yi, amma da magariba suna tsare wuri. Kada ka gudu, kada ka jefe su. In tsautsayi ya sa ɗaya ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ka tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare.

Salla da abinci

Ka tsara ziyararka tsakanin salloli, domin shimfiɗa darduma a harabar ibadar wasu zai iya jawo rashin fahimta. Chiang Mai tana da masallatai. Mafi shahara shi ne na Ban Haw, kusa da kasuwar dare, wanda Musulmi 'yan asalin lardin Yunnan na ƙasar Sin suka kafa. A layin masallacin akwai gidajen abincin halal, inda za ka ci khao soi, taliya a romon kwakwa da naman kaza ko na sa. Abincin da ake sayarwa a bakin wuraren ibada kuwa sau da yawa akwai naman alade ko mansa a ciki, don haka ka nemi tambarin halal mai rubutun Larabci, ko ka tsaya ga 'ya'yan itace.

Awa ɗaya zuwa biyu sun isa a zaga Wat Umong a natse, kuma wuri ɗaya da aka gani da kyau ya fi biyar da aka ratsa a guje. Ka tuna cewa a lungu irin wannan wataƙila kai ne Bahaushe na farko da za su gani, kuma da kai za su auna na bayanka. Ka rufe jikinka, ka kula da ƙafarka, ka rage muryarka, ka bar musu ibadarsu, ka riƙe taka.